Makarantar Danfo ta Malam Harisu

Kano, 10 ga Satumba, 2000

Zuwa ga ƙanena Harisu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Ka gaida Badiyya da yara. Inna da sauƙi, ƙafar ce dai, da an yi ruwa sai ta kumbura. Maigidan yana gaishe ka.

Bature direban motar goro ya biyo ta gida da saƙonka, an gode. Ni ban tambaye shi komai ba, shi ne ya ɓare baki. Wai ranar wata Talata da hantsi, lokacin da 'ya'yan mutane ke zaune a aji, ya gan ka a bakin titin Agege kai da matarka da 'yan matanka biyu kuna rububin shiga danfo, bas ɗin hayar nan ta Legas, babbar da kyamara rataye a wuya. Ya tambaye ka ko hutu aka yi, ka ce a'a, makaranta za ku. Ashe shekara guda ke nan da ka cire su daga makaranta, kai kake koya musu a shagon hoto, ƙarshen wata kuma ka kwashe su yawon ganin tsofaffin gine-gine.

Sannu Malam Harisu. Sannu shehin malamin danfo. Kai da ka tsere daga aji uku na sakandare, sai da na bi ka har tasha na kamo ka da kunne, yau kai ne mai makaranta. Shekara goma sha shida ina riƙe da alli, shida daga ciki ina shugabar makaranta, ban taɓa jin darasin da ake bayarwa a tsaye cikin mota ana riƙe da ƙarfe ba.

Ƙaramar, Kalsum, tana da sauran lokaci. Babbar kuwa shekararta goma sha ɗaya, bana ya kamata a ce tana aji shida. Watan Afrilu sa'anninta za su zauna jarrabawar shiga sakandare, kuma ba a zama jarrabawar nan daga shagon hoto. Sai makaranta ta sa sunan yaro ta cike masa fom. In ya wuce ta, ya wuce, sai wata shekarar.

A matsayin malama na faɗi wannan, kada ka ɗauka wani abu ne. 'Yarka ce. Tun ranar yaye da na ɗora ta a cinyar Badiyya na gama nawa.

Yayarka,
Iyatu

Agege, 1 ga Oktoba, 2000

Zuwa ga Yaya Iyatu,

Gaisuwa da ban girma. Muna nan lafiya lau, sai dai ruwan Legas da ya ƙi ɗaukewa. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙi, na ba Bature man zafi ya kai mata.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. Na farko don in sha zagin, na biyu don in nemi sunan Nazifa, ban same shi ba. Na sani, 'yar fari ce, ba ki kama sunanta, kada a ce shugabar makaranta ba ta da kunya. Amma Yaya takarda ce fa, Inna ba ta karatun boko balle ta kama ki.

Bari in gaya miki makarantar da kike wa kuka. Su casa'in da huɗu a aji, rabin rufin babu. Malamai sun yi wata uku suna yajin aiki, da suka dawo malamar ajinsu cincin take sayar wa yara a kan tebur. Nazifa ta gama aji huɗu ba ta iya karanta allon shagona ba. Ranar na ce ya isa haka.

Yanzu ga yadda muke yi. Duk wata ina ba ta fim ɗaya, hoto talatin da shida. Ba ta danna ko ɗaya sai ta gaya mini dalilin da ya sa za ta ɗauka, don fim ba ƙasa ba ne. In an wanke, kowane hoto sai ta rubuta masa layi biyar da Hausa, biyar da Turanci. Yarabanci kuwa ita ke gyara mini. Lissafi tana yinsa wajen haɗa ruwan wanke hoto da yankan takarda, in ta kuskure awo hoton ya ɓaci a gaban idonta, ba sai an ɗauko bulala ba.

Watan jiya Badagiri muka je. Mun ga tsohon bene, mun ga sarƙoƙin da ake ɗaure bayi. Ta ƙi ɗaukar sarƙar sai da mai gadin ya bari ta ɗaga ta da hannunta ta ji nauyin. Ta tambaye shi ko akwai Hausawa cikin waɗanda aka bi da su ta nan, ya ce da yawa ma. Muka haye ruwa a kwale-kwale, muka taka hanyar da ake kora su har bakin teku. Daga nan muka juyo gida. Washegari ta cika shafi uku ba wanda ya sa ta. A ajinki na shida, mutum nawa suka taɓa rubuta shafi uku ba da tsawa ba?

Ga hotuna shida nan, duk ita ta ɗauka. Ki sa musu jan biro in kin ga dama.

Ƙanenki,
Harisu

Kano, 26 ga Nuwamba, 2000

Harisu,

Bayan gaisuwa. Alhamdu lillahi da Allah Ya tsare ku. Da muka ji rikicin da aka yi a Legas watan jiya, sau uku ina zuwa wurin buga waya layi bai shiga ba. Inna ce ta matsa, ta hana kowa sakat. Sai da Bature ya iso bayan sati uku ya ce rikicin bai kai unguwarku ba, sannan ta ci abinci. Kai kuma ko layi biyu ba ka iya aikowa ba, kana can kana koyar da tarihi. Azumi gobe ko jibi, Allah Ya ba mu ikon yi.

Na ga hotunan. Bango. Rijiya. Sarƙa. Wata ƙofa da gara ta ci. Wani tsoho mai haƙori ɗaya da ban san uwarsa ba ban san ubansa ba. Na juya su gaba da baya, babu fuska ɗaya da na sani. Mutum ya kwashi iyalinsa tun daga Agege har bakin teku, ya aiko wa danginsa hoton bango. Na kwale-kwalen ma ɗan yatsan mai ɗauka ya tare rabin ruwan. Wannan na ajiye shi a jakata, don in riƙa nuna wa malamai yadda ake ɓarnar fim.

Rubutun bayan hotunan ba laifi. Kuskure biyu na samu. Hannun ya tsaya, amma wannan gado ne, kada ka yi wani tinƙaho.

Ka ce shafi uku. To, ka ɗauki shafi ukun ka kai sakandare ka ce a ɗauke ta, ka ga dariyar da za a yi maka. Ka ce musu ta ɗaga sarƙa. Ni abin da na sani, fom yana fitowa farkon Janairu. Ajina na shida yara hamsin da takwas ne, ɗaya iyayenta sun tashi sun koma Gusau, kujerarta na nan ba kowa. Na gaya maka ne don ka ga yadda makarantar gaske take, komai a ƙidaye.

Iyatu

Agege, 7 ga Janairu, 2001

Yaya,

Barka da shan ruwa, barka da salla. Muna lafiya, Kalsum ce ta yi ɗan zazzaɓi ya sauka. Ki yi haƙuri da rashin aike lokacin rikici, kwana tara shago na rufe, motoci ma ba su tashi.

Kuskure biyu cikin layi sittin, Allah Ya saka wa jan biro. Na gaya wa Nazifa Gwaggo ta ce ba laifi, ta tambaye ni ko Gwaggo ta ce wani abu kuma. Na ce ta ce bango ya yi yawa.

Da yawon salla Abekuta muka je. Mun hau dutsen Olumo, Badiyya ta tsaya a rabi tana tsine mini, Kalsum a kafaɗa na ƙarasa da ita. Daga sama Nazifa ta zana garin a littafinta, ta nuna inda kogi ya bi da inda layin dogo ya bi, ta ce shi ya sa gari ya zauna a nan. Ban gaya mata ba, ita ta gano. Mun sauka wajen matan da ke rini, ta zauna da wata tsohuwa suna ta Yarabanci, ta dawo tana tambayata ko baban da ake rini da shi a Kano iri ɗaya ne da nasu. Ke da ke zaune kusa da marina, ki ba ta amsa in manhajarku ta kai nan.

Takardar shaida kike ta yi mini wa'azi a kai. Zo Agege in nuna miki masu digiri a kan okada, rana ta ƙona musu ƙeya. Mai kawo mini fim daga unguwar Ogba ma injiniya ne a takarda.

Amma bari in bar wasa. Badiyya ta ce ba a banza kika kawo zancen kujerar 'yar Gusau ba. Na ce mata Yaya Iyatu ba ta san kwana-kwana ba, macen da ta ja ni da kunne a tsakiyar tasha ba za ta ji nauyin faɗin abin da take so ba. To ga shi. In kina son yarinyar nan ta zo ta zauna jarrabawa a wajenki, ki rubuta mini layi ɗaya, ki ce in turo miki Nazifa. Zan ji ciwo, ba zan ɓoye miki ba, don ni ban san ina da wata 'ya da ta fi ta ba. Amma Badiyya za ta kawo ta da kanta cikin satin. In kuwa ba ki rubuta ba, na ɗauka makarantar danfo ta ci jarrabawarki.

Harisu

Kano, 28 ga Janairu, 2001

Harisu,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Allah Ya ƙara wa Kalsum lafiya, ka daina ɗora yara kan duwatsu.

Legas ta gama cinye maka tarbiyya. Ni zan ɗauki biro in rubuta a turo mini? A gidanmu wa ka taɓa ji ta ba da riƙo sannan ta dawo tana miƙa hannu? Inna ta ba da Yaya Isiyaku ga Baffa yana shekara biyu, katanga ɗaya ce tsakanin gidajen, har ya yi aure ba ta taɓa leƙawa ta ce ya ci ko bai ci ba. Ni ce zan fara, don a riƙa nuna ni a biki ana cewa boko ya buɗe mata ido ta ƙwace 'yar da ta bayar? Ban ce ka turo kowa ba. Ba ruwana. Ka yi yadda ka ga dama da 'yarka, ka kai ta ƙarƙashin teku ma ta ɗauko hoton kifi.

Masu digirin da ke kan okada, su aƙalla suna da abin da za su jingine. Taka in ta tashi neman aiki sai ta nuna zanen kogi.

Ni ina nan ina fama da abin da ke gabana. Fom ya fito. Kowane ɗan aji shida fasfo biyu ake so, farin bango, fuska a buɗe, kafin ranar ƙarshe ta Fabrairu. Duk uban da ya san ciwon kansa ya kawo. Har mai ga-ruwan layinmu ya kai 'yarsa an ɗauke ta, ya kawo mini da hannunsa a cikin leda. Kai da yake sana'arka ce, ka fi ni sanin girmansa. Bature zai taso daga wajenku wajen ashirin ga watan gobe.

Iyatu

Agege, 19 ga Fabrairu, 2001

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, muna lafiya, da fatan Inna ma haka. A gurguje nake rubutawa, Bature na lodi.

Na tambaye ki ƙiri-ƙiri, kin ce ba ruwanki. Magana ta ƙare, na gaya wa Badiyya ta daina yi mini fassara. Mai ga-ruwan layinku kuma ina taya shi murna, ki gaya masa wani lalataccen uba a Legas yana gaishe shi.

Nan ma kakar fasfo ce. 'Yan aji shida sun cika shago har bakin kwata. Kin san wa ke ɗaukarsu? Nazifa. Ni ina zaune ina shan shayi, ita ke gyara musu wuya, ta ce su ɗaga haɓa, ta danna, ta wanke, ta yanka. Yara saba'in da ɗaya, rabinsu tsofaffin 'yan ajinsu ne, ba wanda aka dawo da nasa. Su suna layi, ita tana bayan kyamara. Ki gaya mini wa ya fi wani.

Tunda kin ce bango ya ishe ki, ga na gidan tarihi na Onikan, guda ashirin da huɗu, na sa miki a kundi mai kyau. Ki rataya a ofis.

Harisu

Kano, 11 ga Maris, 2001

Harisu,

Muna lafiya. An yi salla lafiya. Iyakar gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Kai wawa ne. Na daɗe ina faɗa da wasa, yau da gaske nake.

Tun ranar tara ga Janairu na cike mata fom. Na kulle ofis, na zauna, na rubuta sunanta da hannuna, harafi bayan harafi, abin da ban taɓa yi ba tun da aka raɗa shi. Na sa ta a kujerar 'yar Gusau. Na buga hatimi. Abu ɗaya ya rage, ɗan akwatin nan na sama da ake manna hoto. Da fom ɗin ya wuce, sauran mai sauƙi ne, Inna ce za ta ce a kawo mata jikarta ta gani, ba wanda zai ce ni na nema.

Na gaya maka akwai kujera. Na gaya maka guda nawa ake so, da launin bango, da ranar rufewa, da ranar da mota za ta taso. Me ya rage, in zo Agege in danna maka kyamarar? Matarka ta gane, ka ce ta yi shiru. Duk ɗan da aka haifa a gidanmu ya san yadda ake yi. Uwa ta ce ba ruwanta, mai riƙo ya ce ga ta nan na turo ta taya ki aiki, uwa ta ce kai da ka bari, shi ke nan kowa ya tsira da mutuncinsa. Kai sai ka tsare ni da biro wai in rubuta layi ɗaya, kamar ɗan sanda.

Motar Bature ta lalace a hanya, sai ranar ashirin da takwas ya iso. Na roƙi malamin da ke kai fom ya jira ni zuwa azahar. Na hau acaɓa har kasuwar goro, ni da ban taɓa hawa ba. Da na ga ƙunshin da kauri na ce to, yaron nan ya yi hankali. A tsaye na farke shi, a gaban 'yan dako. Tukwane. Gumaka. Wata ganga. Sau uku ina zazzage kundin nan ko wani ƙaramin abu zai faɗo. Bature ya tambaye ni ko lafiya, na ce ƙura ce.

Fom hamsin da bakwai aka kai. Nata yana nan cikin durowata.

Yara saba'in da ɗaya ta ɗauka, kana shan shayi kana alfahari. Ba ka taɓa duban fuskarta ba lokacin da take gyara wa 'yan ajinsu wuya? Mai hoto, wanda aikinsa kallon fuska ne. Shekara tara rabona da in ga tata, abin da nake da shi ɗan yatsa ne a gefen kwale-kwale. Na raina ka, Harisu, kuma wallahi na raina kaina, don shekara guda ta yarinyar nan muka ci ni da kai.

Iyatu

Agege, 25 ga Maris, 2001

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Jikinmu lafiya. Badiyya kwana huɗu ke nan ba ta yi mini magana ba sai ta bakin Kalsum.

Na so in rama. Na ma fara, na rubuta cewa kullum safiya kina tsayawa ki kira sunan 'ya'yan mutane ɗari shida da ƙarfi, amma guda ɗaya ya gagare ki a takarda. Gaskiya ce, kuma ban janye ba. Sai dai ba ni da bakin faɗinta, ki ji dalili.

Na kira Nazifa na gaya mata komai, don a makarantata ba a ɓoye wa ɗalibi sakamako. Na ce Gwaggo ta cike miki fom, hoto ne babu, ni ban aika ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗauko littafinta na zane, ta zaro wata 'yar ambulan daga cikin bangon littafin ta ajiye mini a kan kantar shago.

Ashe ranar wata Juma'a, ina masallaci, bayan ta sallami na ƙarshe cikin 'yan ajinsu, ta ari farin hijabin makaranta na wata ƙawarta, ta saita kyamara, ta hau kujerar, ta sa Kalsum ta taka akwati ta danna. Ita ta wanke, ita ta yanka daidai awo. Na tambaye ta me ya hana ta nuna mini.

Ta ce, "Baba, na tambaye ka nawa fa, ka ce ni ba na bukata. Gwaggo kuma ba ta tambaya ba."

Ta tambaye ni ɗin, Yaya. Na tuna. Ina ƙirga ambulan ne, ko ɗago kai ban yi ba.

In an yi hutun ƙarshen zango Badiyya za ta kawo ta. Ba ke kika ce ba, ni na ce, ta zo ta taya ki aiki. Ki ba da amsar da aka saba bayarwa. Kyamarar tata ce, da ita za ta taho, kada ki ƙwace.

Hotunan na cikin wannan takarda, guda biyu. Ta ce in tambaye ki ko har yanzu ana so. Sun ɗan karkace, Kalsum ba ta kai tsawon kyamarar ba, amma fuskar ta fito sosai. Na koya mata duk hoton da ta wanke ta sa kwanan wata a baya, kuma ta sa. Tara ga Fabrairu.

Ƙanenki,
Harisu